Wasiƙar Ƙorafi ga Kamfanin da Ya Gyara Mini Dakin (Rufin Kankare) na Sito a Gombe

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum. Yallaɓai, da manajan aikinku bai kashe mini waya jiya da la'asar ba, da wannan takarda ba ta fito bainar jama'a ba. Sai a kira na goma sha ɗaya ya ɗauka. Na ce masa wurin da kuka gyara ya sake buɗewa. Ga amsarsa, ban ƙara ko harafi ba: "Alhaji, ai kankare dama tsagewa yake yi. Kai hatsi ka sani, ka bar mana maganar gini. In kana so mu dawo, sabon aiki ne, sabon kuɗi." Na ce garantin shekara biyu da kuka sa wa hannu fa? Ya ce in kai ta duk inda zan kai. Ƙit, ya kashe.

To, ga shi na kawo ta nan.

Sitona yana kusa da kasuwar Tudun Hatsi, da bene a samansa. Bayan daminar bara kankaren ƙarƙashin dakin ya fara ɓamɓarewa, rodi ya leƙo ja wur da tsatsa, ginshiƙai uku suka tsage. Kuka zo kuka duba, kuka yanka naira 6,800,000. Ranar 9 ga Janairu na tura 4,000,000 kafin alƙalami, ranar 2 ga Fabrairu na cika 2,800,000. A tsakani akwai na mota, akwai na yashi wai ya ƙare, waɗannan ban ma riƙe lissafinsu ba.

Takardarku ta ce za a fasa ruɓaɓɓen kankare har bayan rodi, a kankare tsatsar tas, a shafa maganin hana ta dawowa, a ɗura gam na musamman cikin tsagar ginshiƙai. Abin da idona ya gani shi ne birkila biyu, leburori huɗu da kwanon sarki. Injiniyan da aka ce zai tsaya a kai, sau ɗaya na gan shi, bai ma kashe mota ba. Kwana shida aka ce an gama, cikin tsakiyar hunturu, iska tana busar da kwaɓi tun yana kan cokali. Ko tsohon birkila na Bolari ya san sabon kankare sai an yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, kuma sai kwana 28 ake auna cikar ƙarfinsa. Ku a rana ta bakwai fenti kuka shafa.

Ruwan farko na watan Mayu ya tona asiri. Buhu 37 na wake suka jiƙe. Na kira, aka ce ana zuwa. Na je ofishinku ban san adadi ba, kullum oga yana Abuja. Ranar 21 ga Yuni da hantsi wani ɓangare mai girman faifai ya rufto, taku biyu tsakaninsa da ɗan dako da ke sauke masara. Yaron nan yana da mata da goyo. Allah ne ya kiyaye, ba aikinku ba.

Gaskiya ne, hatsi na sani. Shi ya sa na biya wani injiniya daga aljihuna. Ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa facin naku, yana amsawa kamar ƙwarya. Ya ɓalle guntu ɗaya, sai ga tsatsar nan yadda na bar ta, filasta kawai aka lafta mata. Ya ce tsatsa kumbura take yi, tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta cinye, dole ta ture duk abin da aka rufe ta da shi. Tsagar ginshiƙan kuwa ruwan siminti aka goga. Gyaran gangar auzinawa ke nan, don yanzu ruwa yana kwanciya bayan facin. Mu da masana'antar simintin Ashaka take jiharmu, ba za ku ce siminti ne ya gagara ba.

Yallaɓai, ina roƙonku da girmamawa: cikin kwana 14, ko ku dawo ku fasa ku yi abin da kuka rubuta a gaban injiniyana, ko ku mayar mini da kuɗina gaba ɗaya, tare da kuɗin waken. Ina kuma son sunan injiniyanku da lambar rajistarsa ta hukumar kula da aikin injiniya, COREN, in akwai. Domin tun da na fara wannan magana a kasuwa, mutum biyu suka same ni, mai gidan mai da mai injin casar shinkafa, labarinmu ɗaya har kalar fentin. Gine-gine nawa ne a garin nan mutane ke kwana suna tashi ƙarƙashin facinku? In wa'adin ya cika shiru, ni da su za mu kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da rasit-rasit ɗinmu.

Guntun da ya faɗo yana nan ofishina, na sa shi cikin buhu, rodin tsatsa maƙale a jikinsa. Ku turo manajan naku ya zo ya ɗaga shi da hannunsa.

Naku,
Mai sito a Tudun Hatsi, Gombe