Zuwa ga Baba, daga Sheffield ta ƙasar Ingila

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da yara baki ɗaya. Ni ma ƙalau nake, sai dai sanyi. Kwanakin nan kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi.

Yaya ya ce ka ga itacen nan mai jajayen 'ya'ya a hoton da na turo, har kana tambaya ko zai yi shingen garka. Holi ake ce masa. Tunda na kama aikin lambu a gidajen mutane, ba na mako ban taɓa shi ba. Yanzu a Disamba yawancin itatuwa sun kaɗe sun koma ƙirare, shi kuwa yana nan kore shar, ganyen na sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Bakin ganyen duk ƙaya ce, ko da safar hannu sai ta same ni. In za a yi shinge, mukan jera dashen da tazarar kamu guda, mu riƙa aske shi sau ɗaya a shekara, wajen Agusta. Ba ya saurin girma, amma in ya haɗe ko kare ba ya ratsawa. Akwai namiji akwai mace, kamar dabino. Macen ce ke 'ya'ya, su ma na tsuntsaye ne, mutum ya ci sai amai.

Wani dattijo da muke aiki tare ya ba ni labarin da ya tsaya mini a rai. A da, makiyayan tuddan nan in ciyawa ta ƙare da hunturu sukan sassabo wa tumaki rassansa na sama, don ganyen can ba shi da ƙaya sosai. Yana faɗa sai na ga gawon gonarmu a idona, kana sama da gatari, tumaki sun taru a gindi suna jira. Na daɗe ban ce uffan ba.

Batun irin kuwa, Baba, a haƙura. Itacen sanyi ne da danshi, ya saba da inuwa, zafin Afrilu na wajenmu ƙone shi zai yi. Aguwar da ka kafa ta fi shi dacewa da ƙasarmu.

Don Allah kada a bari masu itace su taɓa gawon nan. A sa Auta ya ɗauko mini hotonsa.

A gaida Inna, ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Ni ne ɗanka.