Na bar shaye-shaye shekara uku, amma tambaya ɗaya a fom ta hana ni sakat

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Allah ya saka miki da alheri kan wannan fili. Na daɗe ina karanta amsoshin da kike ba mutane, shi ya sa yau na yi ta maza na kawo miki tawa damuwar. Ina roƙon a sakaya sunana.

Yanzu haka da nake rubuto miki, ga fom ɗin neman aiki a gabana. Wani kamfani ne ke neman mai kula da sito, aikin da na tabbata zan iya. Na cike kowane gurbi sai ɗaya. A shafi na uku an tambaya ko kotu ta taɓa samuna da laifi, ga 'yan akwatuna biyu, i ko a'a, ga kuma layi a ƙasa inda mutum zai sa hannu cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Yau kwana huɗu ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa, saura kwana tara a rufe karɓa. Gaskiyar amsar ita ce i, kuma na san abin da wannan i ɗin ta sha jawo mini.

Shekarata 28. Na shiga jami'a ina da 19, ina karatun akanta, kuma a shekarar farko ina cikin na gaba-gaba a ajinmu. A aji biyu ne, ana dab da jarrabawa, wani abokin karatuna ya miƙo mini ƙwayar taramol guda ɗaya, ya ce da ita yake raba dare yana karatu. Ba wanda ya tilasta ni, da hannuna na karɓa. A daren nan na zauna har asuba ban ji gajiya ba, na ɗauka na samu sirrin cin jarrabawa. Kafin zangon ya ƙare ɗaya ta daina yi mini komai, na koma biyu, na koma huɗu. Da barci ya ƙaurace mini sai na haɗa da wiwi don in samu in runtsa.

Abin da ya fi ci mini rai, Anti, shi ne don karatu na fara, kuma karatun ta fara cinyewa. Sai in zauna a kan shafi ɗaya awa guda, idona na bin layi, amma in na rufe littafin babu abin da ya zauna. Daga baya likitan da ya duba ni ya yi mini bayani cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da mutum ya koya da rana, don haka wanda ya kashe barcinsa da ƙwaya kamar mai ɗibar ruwa da kwando ne. Ya kuma ce ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abu kafin a aikata shi, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, ni kuwa ina da 20 na fara jiƙa shi da wannan guba. Ranar da ban samu ba kuwa, sai hamma, hawaye da majina, gaɓoɓina kamar an yi mini duka, ga zufa ga sanyi a lokaci guda. Mai wannan hali ba ya iya zaman lacca ta awa biyu. Akwai ranar da na yanke jiki na faɗi a ɗakin kwanan ɗalibai ina ta jijjiga, abokai suka ɗauka wani ciwo ne ya kama ni, ashe taramol in ta yi yawa tana jawo irin wannan faɗuwa mai kama da farfaɗiya. Na faɗi darussa uku a zango ɗaya, na ɓoye wa gida.

Ina aji uku aka kama ni da ƙwayoyi a jakata. Nawa ne, na sha ne, ban taɓa sayar wa kowa ba. Na yi wata biyu a tsare kafin a saurari ƙarar. Kowa ya ce mini in amsa laifina kawai, alƙali zai sassauta, in huta da jeka-ka-dawo. Ni ma a lokacin babu abin da nake so irin a gama, domin ba na iya kallon idon mahaifiyata a zauren kotu. Na amsa, aka yanke mini wata shida. Babu mutum ɗaya da ya zaunar da ni ya ce mini wannan kalma da zan furta a gaban alƙali za a rubuta ta, kuma ba ta gogewa ranar da aka buɗe mini ƙofa. Na zaci wata shida na nufin wata shida. Ba ina cewa da na sani da na musa abin da na aikata ba ne, amma da na so in san nauyin abin da nake ɗauka.

Takardar kora daga jami'a ta iso gida ina can ciki. Umma ta ninke ta ta sa a ƙasan akwatinta, ba ta nuna mini ba sai bayan na fito da wata guda. Har yau ina tuna yadda ta miƙo mini ita ta kau da kai.

Ba zan ɓoye miki ba, bayan na fito na sake komawa ruwa, kusan shekara guda. Sai da yayata ta tsaya tsayin daka aka kai ni cibiyar farfaɗo da masu shaye-shaye. A can ne wata ma'aikaciya ta gaya mini cewa cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ta ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani suna sake zamewa, kusan daidai da yadda masu hawan jini ko asma ke samun dawowar ciwonsu, don haka zamewa ba ta nufin magani ya ƙi. Wannan magana ta riƙe ni. Yau shekara uku da wata huɗu rabona da ƙwaya ko wiwi. Duk wanda ya ce in kawo fitsari a gwada, a shirye nake ko yanzu.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. Na koyi aikin kwamfuta da ajiye lissafin kaya, na samu takardar shaida, na shiga neman aiki. Inda duk fom ya yi waccan tambaya kuma na faɗi gaskiya, ko kira ba a yi mini. Wuri ɗaya ne ba su tambaya a fom ba, suka kira ni intabiyu. Mutum uku ne a teburin. Na amsa tambayoyinsu, har babban cikinsu ya ba ni wani lissafi na warware a gabansa, ya gyaɗa kai ya ce wa na kusa da shi irin wannan muke nema. Sai matar da ke gefe ta duba takarduna ta ce ta ga giɓin shekara uku, ina na shiga? Na faɗa musu komai. Ina cikin magana na ga babban ya mayar wa bironsa murfi, ya rufe fayil ɗina a hankali ya ɗora hannu a kai. Suka yi mini godiya da na faɗi gaskiya, suka ce za su neme ni. Wata goma sha ɗaya ke nan.

Da dare in barci ya gagara nakan shiga intanet in ga ko ni kaɗai ne. Na ci karo da wani bincike da wata malamar jami'a, Devah Pager, ta yi a birnin Milwaukee na Amurka, aka wallafa a 2003. Ta tura samari neman aiki da takardu iri ɗaya, bambancin kawai wasu su ce an taɓa ɗaure su kan laifin ƙwaya. A cikin fararen fata, kashi 34 na marasa tabo aka kira, masu tabo kashi 17. A cikin baƙaƙe, kashi 14 ne da kashi 5. Da na karanta sai na ji sanyi ta wani gefen, domin na gane ba wani baƙin jini ne ke bi na ni kaɗai ba, ta wani gefen kuma gabana ya faɗi.

Na kuma ga wasu ƙasashe sun gane akwai gyara a nan. A Birtaniya tun 1974 suke da dokar da ta ce in mutum ya yi wasu shekaru bai sake laifi ba, yawancin ƙananan hukunce-hukunce sun zama tsohon zance, ba dole ya ambata wa mai ɗaukar aiki ba, sai a ayyuka irin na kula da yara ko marasa lafiya. Jihar Hawaii ta Amurka tun 1998 ta hana a yi wannan tambaya kafin a yi wa mutum tayin aikin, wato a fara ganin mutum tukuna kafin a ga tabonsa. Fotugal kuwa daga 2001 ta daina ɗaukar wanda aka kama da ɗan abin da zai sha shi kaɗai a matsayin mai aikata babban laifi, sai a tura shi gaban wani kwamiti mai ɗauke da masana lafiya da walwalar jama'a da shari'a. Ita kanta Amurka a 1998 ta yi dokar hana ɗaliban da aka samu da laifin ƙwaya tallafin karatu na gwamnati, amma a ƙarshen 2020 ta soke ta. Ni dai a ganina hana mutum makaranta don ya sha ƙwaya kamar kore majinyaci ne daga asibiti don ba shi da lafiya. Ban ga laifin mai kamfani gaba ɗaya ba, dukiyarsa ce, dole ya yi taka-tsantsan da wanda zai ba makullin sito. Abin da ke damuna shi ne hukuncin alƙali yana da ranar ƙarewa, wannan kuwa babu wanda ya gaya mini ranar da zai ƙare.

A gida an rabu biyu a kaina. Kawuna, ƙanin Umma, ya ce in sa a'a in wuce wurin, wa zai je ya tono? Ya ce ya san mutane da dama da suka yi haka suna nan suna cin abincinsu lafiya, kuma gaskiyar da ba ta ciyar da ni ba shekara biyu ba yanzu za ta fara ba. Ba mugun mutum ba ne, tausayina yake ji. Umma kuwa cewa ta yi ramin ƙarya ƙurarre ne, gara in daɗe ina nema da in samu a kore ni da kunya. Na kuma lura a ƙasan fom ɗin an rubuta cewa duk wanda aka gano ya ba da bayanin ƙarya za a sallame shi nan take, kuma suna iya neman takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Amma abin da ya fi tsorata ni ba korar ba ce. Shekarun da na yi ina shan ƙwaya, da ƙarya na yi su, ƙaryar kuɗin littafi, ƙaryar sakamakon jarrabawa, ƙaryar ciwon kai. Abu na farko da aka koya mana a cibiya shi ne daina ɓoye-ɓoye. Ina jin in na sa hannu a kan ƙarya, kullum zan shiga wurin aiki gabana na faɗuwa, kuma na san abin da na saba nema in gabana na faɗuwa.

Sai dai zaman banzan ma haɗari ne a gare ni. Tsofaffin abokan nan ba su ƙaura ba, har yanzu wani lokaci sukan turo mini gaisuwa a waya. Ba na amsawa, amma ranar da aka ƙi ni a wani wuri, nakan daɗe ina kallon saƙon kafin in goge.

Ga maganar karatu kuma. Burina in koma in ƙarasa digirina, ko da daga aji ɗaya zan faro. Amma fom ɗin makarantun da na duba su ma suna tambaya ko an taɓa korar mutum daga wata makaranta, da dalilin korar. Har gurbin karatu na waje na taɓa hange, sai na ga takardar neman biza ma tana da irin tambayar, kuma dokar Amurka ta sa laifin ƙwaya cikin abubuwan da ke hana mutum shiga ƙasar. Na kuma ji cewa ko na gama, ƙungiyoyin da ke ba ƙwararru lasisi sukan duba halin mutum na baya. Shin in zuba shekara huɗu a kan takardar da wataƙila a hana ni aiki da ita, ko in haƙura in riƙe sana'ar hannu inda aikina ne zai yi magana?

Anti, ki taimake ni da shawara kamar yadda za ki ba ɗan cikinki. In na sa i, ya dace in haɗa da 'yar wasiƙa in bayyana abin da ya faru, da takardar cibiyar da ta yi mini magani, da sunan mutanen da za su tsaya mini, ko yin haka tona wa kai asiri ne tun ba a tambaya ba? In an kira ni intabiyu, ni zan fara kawo maganar ko in jira sai sun taɓo ta, kuma da wane irin lafazi zan faɗe ta ba tare da na zama kamar mai neman a ji tausayinsa ba? Akwai hanyar da lauya zai bi a nemi afuwa ko a share irin wannan hukunci ga wanda laifinsa na farko ke nan? In kuma cikin masu karanta wannan fili akwai wanda ya taɓa ɗaukar irina aiki, ko wanda ya bi ta wannan hanya ya fita, ina roƙon ki buga abin da zai ce, ina son in ji yadda ya yi.

Fom ɗin yana nan cikin ambulan a kan teburina. Na yi wa Umma alkawari ba zan taɓa akwatin nan ba sai na ga amsarki.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Ɗanki,
mai neman mafita