Amsa ga mai tambayar nawa aka ba ni

Assalamu alaikum, Malam.

Rubutunka ya iso ni ta hannun 'yan'uwa tun kafin in neme shi. Ka ce tunda na shiga gidan rediyo na ba da shawarar a ɗauki kamfanin hulɗa da jama'a ya tsara gangamin kare masu tafiya a ƙasa a birnin Kano, to in fito in faɗa wa duniya kamfanin da nake yi wa dillanci, da kason da aka yi mini alkawari. Ka kuma ce kuɗin da za a miƙa wa 'yan talla gara a sayi siminti da fenti, kuma ai hukumomi suna da sassan yaɗa labarai da ake biya albashi.

Bari in fara da inda ka fi so. Ba ni da kamfani, ba ni da hannun jari a na wani, ɗana ko surukina ba ya cikin wannan sana'a, kuma babu wanda ya ba ni ko na goro. Na yi aiki a sashen talla na rediyo har furfura ta kama ni, na bar aiki ba a taɓa kirana gaban kwamitin bincike ba. Waɗanda muka yi aiki tare da yawansu suna raye, wasunsu ma su suka koya maka riƙe alƙalami, sai ka tambaye su. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, duk lokacin da aka ƙaddamar da sabuwar gadar sama shafinka kan cika da kirari da hotuna, ni kuwa ban taɓa tsayar da kai na ce wa ya saya maka data ba. Na ɗauka ra'ayinka ne. Ashe kyautata zato kai kaɗai ya halatta a yi wa.

To, mu koma kan mutanen da ake bankewa, domin a duk rubutunka ban ga ka ambace su ko sau ɗaya ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da ɗaya cikin biyar kuwa da ƙafarsu suke tafiya, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Zariya ko na Katsina lokacin tashi daga makaranta bai buƙatar a fassara masa waɗannan alƙaluma. Ya ga yarinya riƙe da hannun ƙaninta a tsakiyar titi, mota ta gaba, adaidaita ta baya, tana jiran wanda zai ji tausayinta.

Kana cewa akwai sassan yaɗa labarai. Akwai su, kuma ban raina su ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana nan tun 1988, kowace shekara tana gangamin watannin ƙarshen shekara. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kano, ita ma ta haura shekara goma a kan titunanmu. Amma aikin jami'in yaɗa labarai shi ne ya sanar da abin da maigidansa ya yi. Sauya halin ɗan adaidaita da ke tsere da rana don ya haɗa balas kafin magariba wani aikin ne daban. Yana buƙatar wanda zai zauna a tasha ya saurara, ya gano maganar wa direba ke ji, shugaban ƙungiya ko limamin unguwa ko matarsa, ya gwada saƙo a kan mutum ashirin kafin a watsa wa miliyoyi, ya dawo ya auna ko gudu ya ragu. Wannan sana'a ce kamar gini, kuma ba a ba magatakarda ginin gada don kawai yana karɓar albashi.

Jihar Victoria ta Ostareliya ta rasa mutum 776 a kan hanya a 1989. A ƙarshen wannan shekarar hukumar inshorar haɗurransu ta ɗauki kamfanin talla, aka fara nuna wa mutane a talabijin abin da ke faruwa a ɗakin gaggawa na asibiti, ba tare da sakaya magana ba. Zuwa 1992 adadin ya sauko 396. Kafin ka ce na ɓoye rabin labari, ga shi: a lokaci guda aka baza kyamarorin kama masu gudu da gwajin barasa a kan hanya. Talla ta sa jama'a suka yarda da tarar, tara ta sa direbobi suka ɗauki tallar da gaske. Abin da na faɗa a rediyo ke nan, da ka saurara har ƙarshe. A Bogota ta Kolombiya kuwa, magajin gari Antanas Mockus 'yan wasan kwaikwayo ya zuba a mahaɗar tituna suna yi wa direban da ya taka wurin tsallakawa ba'a a idon jama'a, daga baya aka riƙa zana baƙin tauraro a daidai inda mota ta kashe mutum. Ba sai mun je nesa ba ma. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kuma tsofaffinmu za su gaya maka da sanarwa da waƙa aka shirya ƙasar kafin ranar. Haka da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, ba ƙarancin magani ya tsayar da ita ba, kuma da baki aka dawo da ita, ta hannun sarakuna da malamai.

Maganar siminti da fenti, ban ce kada a saya ba. A saya. Sai dai ka je ka duba zanen tsallaka titi da aka riga aka shafa, ka ƙirga motocin da ke tsayawa.

Da tsoronka na gaskiya ne, akwai inda ya kamata ka sa shi, kuma da na taya ka. A shekarun 1920 masu sana'ar mota a Amurka sun yi amfani da irin wannan gangami suka mai da laifi kan mai tafiya a ƙasa, har ya zama abin kunya mutum ya tsallaka titin unguwarsu. Kamfani malalaci haka zai yi mana: ya cika gari da allunan "duba dama, duba hagu", ya sa hoton babban mutum ya cinye rabin allon, ya karɓi kuɗi. Shi ya sa na ce a tallata kwangilar a fili, a buga kuɗinta, a hana hoton kowane ɗan siyasa, saƙon ya fuskanci mai sitiyari, kuma a ɗaura biyan ƙarshe a kan gudun da aka auna da rajistar asibitoci, ba yawan alluna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga gudun kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar wanda aka banke yana ninkuwa sau huɗu da rabi. Wannan jimla ɗaya, wa ya taɓa sa ta a kunnen direban Kano da Hausar da zai ji a jikinsa?

Abin da ya fi ci mini rai ya wuce ni da kai. Birnin nan an daɗe ana gina shi don mai mota, domin masu yanke shawara ba sa tsallaka titi, tsallaka da su ake yi. Ana faɗaɗa hanya, a sa shinge a tsakiya, a bar tsohuwa mai ciwon gwiwa da zaɓi biyu: ta hau matakala mai tsawo in akwai, ko ta sayar da rai. Gefen titi ya zama wurin ajiye mota da kasa kaya. In aka kaɗe almajiri, sai a ce kwana ne ya ƙare, a watse. Sannan duk wanda ya buɗe baki da shawara, kafin a tambaye shi hujja sai a tambaye shi kamasho. Masu hankali da yawa sun yi shiru saboda irin alƙalaminka, Malam, kuma ina jin wasu suna jin daɗin shirun.

Ka yi tambayarka a bainar jama'a, don haka ga tawa a bainar jama'a. In kana da sunan kamfanin, ka buga shi, da adadin kuɗin, da wanda ya shaida. In ba ka da shi, filin rediyon da na yi magana yana nan, ka zo mu zauna, ka kawo lissafin simintinka in kawo nawa. Zan roƙi mai gabatarwa ya ba ka minti na farko.

Wassalam.