Idan majinyaci ya fara sambatu, kada a jira gari ya waye

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana kan wata cuta da ke ɗauke mana mutane, mu kuwa sai mu ce "zazzaɓi ne ya yi tsanani". Likitoci na kiranta sefsis. Ƙwayar cuta ce ke kama wani sashe na jiki, huhu ko mafitsara ko mahaifa ko hanji, sai garkuwar jiki ta tashi faɗa, ta wuce gona da iri, ta koma ɓarna a gida. Hanyoyin jini su saki, ruwa ya riƙa tsiyaya daga cikinsu, jini ya yi ƙasa, ƙoda da ƙwaƙwalwa su rasa rabonsu. Idan ta kai matakin da ko an yi ƙarin ruwa jinin bai tashi ba, kusan huɗu cikin goma ba sa rayuwa, ko da suna asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 cutar ta kashe mutum miliyan 11.

A wajenmu an fi ganinta ga maijego da ragowar mabiyiya ya ruɓe mata, da mai taifod da hanjinsa ya huje, da mai ciwon suga da gyambon ƙafa, da jaririn da cibiyarsa ta yi ruwa.

Ga abin da mai jinya zai iya dubawa da kansa. A ƙirga numfashin babba da agogon waya: idan ya kai 22 a minti ɗaya, akwai matsala. Idan da na'urar awon jini, lambar sama ta sauka 100 ko ƙasa. Sai ruɗewa: sambatu, barci mai nauyi, rashin gane mutane. Biyu daga cikin ukun nan ga mai zazzaɓi sun isa a nemi mota. A kuma lura da fitsari. Wuni guda ba fitsari alama ce ƙoda na gazawa.

Inda aka fi yaudaruwa shi ne sanyin jiki. Zafi ya sauka, tafin hannu da ƙafa su yi sanyi, gumi na karyowa, sai dangi su yi hamdala wai sauƙi ya samu. Wallahi sau da yawa jini ne ya daina isa gaɓoɓi. Nan ne ake ɓata awannin da ba sa dawowa, ana zaryar kemis ana canza maganin maleriya.

A asibiti, dole a ɗebi jini don gwaji, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya. Babba ana ba shi ruwa ta jijiya mililita 30 kan kowane kilo na nauyinsa cikin awa uku na farko. Mai kilo 60 za a ɗura masa lita 1.8, kusan leda huɗu. In jinin bai tashi ba, sai noradirenalin, maganin da ke ɗaga jini, da iskar oksijin. Kuma magani ba zai ci ba sai an kawar da tushen: a wanke mahaifa, a fasa ƙurji, a ɗinke hanji. Yara kuwa lissafinsu daban. Binciken da aka yi a Uganda da Kenya da Tanzaniya, aka wallafa a 2011, ya nuna ɗura musu ruwa da sauri na ƙara mace-mace. Don haka a daina kiran wani ya rataya wa yaro ruwa a gida.

Kira na ga shugabannin asibitoci: sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta hana mutum kulawar gaggawa kan kowane dalili. A ajiye maganin da ake sawa ta jijiya da ledojin ruwa a ɗakin gaggawa, a fara ba majinyaci, kuɗin kati ya biyo baya.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiya, Kano