Alƙalai a duba lafiyar yaro kafin a ce a miƙa shi

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan ana lafiya ya aiki. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan shari'ar riƙon yara, abin ya tsaya min a rai tun ranar da na raka ƙanwata kotu.

Aurenta ya mutu da yara biyu, babban shekara 7, ƙaramar 4. Duk unguwa an san mijin yana shan kodin da ƙwaya, in ya dawo a buge sai duka, akwai ranar da ya jefi yaron da murfin tukunya, ni na kai shi aka wanke ciwon, har yau tabon na nan a bayan kunnensa. Amma ranar zaman kotu sai ga shi cikin farar shadda tana ta ɗaukar ido, yana ta Allah gafarta Malam, kai ka ce limami ne.

Alƙali ya bar mata riƙo, kuma wannan daidai ne, don a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi hadana, wato riƙon yara, ta uwa ce, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, in uwar ba ta cancanta ba sai kaka ta wajen uwa. To amma sai aka ce duk Juma'a yaran su tafi gidan ubansu su kwana biyu. Ba wanda ya tambayi waye zai tsaya musu in ya sha. Ƙanwata ta ce a duba kunnen yaron, aka ce ta kawo shaidu, wa zai zo fisabilillahi? Maƙwabta tsoronsa suke, kuma dukan ai a ɗaki ake yi ƙofa a rufe.

Malaman fiƙihu sun sa wa mai riƙo sharaɗin hankali da amana da amintaccen wurin zama, ban ga dalilin da zai sa sharaɗin nan ya faɗi don kwana biyu ne kawai ba. Kuma ba wai ina kare mata bane, akwai uwar da ita ce haɗarin, ko sabon mijinta da ke gallaza wa agola, ita ma a karɓe.

Najeriya na da dokar haƙƙin yara tun 2003, Kano ma ta sa hannu a tata dokar kare yara a 2023. Roƙona shi ne in aka ambaci duka ko shaye-shaye, alƙali ya kira mai unguwa, ya tura jami'in walwala ya ga gidan da idonsa, a yi gwajin ƙwaya, a ji ta bakin yaron a keɓe ba a gaban uban ba. Uba ya ga 'ya'yansa, haƙƙinsa ne, amma da rana a gidan kaka da babba a wurin.

Mun ɗaukaka ƙara muna jira. Kafin nan, tun daren Alhamis yaron yake fara cewa cikinsa na ciwo.

Wassalam,
Wata mai karatu daga Kano