Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magajin Garin Buffalo: A Fara Da Layin Masu Rauni

Mai girma Magajin Gari,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan aikin kwashe dusar ƙanƙara a birninmu na Buffalo da ke jihar New York ta Amurka, tun kafin hunturu ya sake kankama.

Babu mazaunin Buffalo da ya manta guguwar Disamban 2022. An kwashe sa'o'i 37 ana iska da dusa, mutum ba ya ganin gabansa, mutane 31 suka rasu a cikin birni kaɗai. Wasu a mota, wasu a kan titi, wasu a ɗakunansu bayan wuta ta ɗauke. Tsofaffi da baƙaƙen fata na gabashin birni su suka fi ji a jika, kuma rahoton Jami'ar New York na 2023 ya nuna gargaɗi bai isa ga jama'a yadda ya kamata ba.

Birni na da taswira a intanet mai nuna layukan da motocin kwashe dusa suka bi. Madalla. To amma taswirar ba ta san wanda ke bayan ƙofa ba. Ba ta san dattijuwar da ke zuwa wankin ƙoda sau uku a mako ba, wadda idan ta tsallake biyu a jere rayuwarta na cikin hatsari. Ba ta san mai shaƙar iska ta na'urar da ke aiki da lantarki ba.

Roƙona shi ne a buɗe rajista ta ganin dama ga irin waɗannan bayin Allah, a haɗa ta da kiran 311, lambar da jama'a ke kira don neman ayyukan hukumar birni, da bayanan shirin emPOWER na Ma'aikatar Lafiya ta tarayya, wanda ya riga ya san yawan masu inshorar lafiya ta gwamnati, Medicare, da ke dogaro da na'urorin jinya na lantarki a kowane yanki. Bayan manyan tituna da hanyoyin asibiti, sai kwamfuta ta sa layukansu a sahun gaba, direba ya gani a allonsa. A kuma tsare sirrin marasa lafiya, kada sunan kowa ya fita fili.

Kada a ce sai mai babbar waya zai yi rajista. Tsoho da ɗan gudun hijirar da bai iya Turanci ba, a bi su ta masallatai, coci-coci da masu jinya a gida, da takarda da biro in ta kama.

Sai hanyar masu tafiya da ƙafa da kuma matsayar bas. Mai keken guragu ba ya tsallake tudun dusa, dole ya gangara cikin motoci. Makwabtanmu na birnin Rochester suna share hanyar masu tafiya da ƙafa idan dusa ta haura inci 4. Mu ma a saka wannan a kasafin kuɗin bana.

Na gode, Allah ya yi jagora.

Naka,
Wani mazaunin gabashin Buffalo