Ƙagaggen Labari Ba Hujjar Tarihi Ba Ne

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin matasanmu masu kafa hujja da littafin The Da Vinci Code a muhawarar addini. Abin yana damuna ƙwarai, domin ƙagaggen labari ne.

Littafin ya ce sai a taron manyan limaman Kirista da aka yi a birnin Nikiya a shekarar 325 aka fara ɗaukaka Yesu zuwa matsayin allahntaka. Ko mutum ya yarda da aƙidar ko bai yarda ba, wasiƙun Bulus, da suka girme taron da fiye da shekara 250, suna kiran Yesu Ubangiji. Rigimar koyarwar wani limamin Kirista mai suna Ariyus ce ta tara limaman a Nikiya. Ƙungiyar asirin da littafin ya ce an kafa a 1099 kuwa, a 1956 aka yi mata rajista a Faransa.

Mai karatunku,
daga Jos